Ƙasan Rigar Baba

Mahaifinmu dogon mutum ne, irin waɗanda sai sun sunkuya kafin su shige ƙofar zaure. Ni kuwa tsayin mahaifiyata na ɗauko. Da ya rasu aka zauna rabon abin da ya bari a gidanmu na Bebeji, ba wani abu mai yawa ba ne: gona, da 'yan awaki, da adakar tufafinsa. A can ƙasan adakar aka ciro babbar rigarsa ta saƙi, saƙar hannu, baƙa mai ɗigo-ɗigon fari kamar jikin zabo. An yi mata aiki a ƙirji da farin zare, ƙasanta kuma daga ciki an zagaye shi da jan shafi na alharini. Bai cika sa ta ba sai ɗaurin aure ko wata babbar rana. In ya naɗe hannuwanta a kafaɗa ya taka, sai ka ga jan nan yana leƙowa.

Yayana shi ya gado tsayin Baba, kowa kuma ya ɗauka shi zai tafi da ita. Sai ya ɗago ta ya ɗora mini a cinya.

"Kai ka yi jinyarsa," ya ce. "Riƙe."

A lokacin ina aikin malamin gona a Doguwa. Aurena ya mutu shekara guda kafin rasuwar Baba, matar ta koma gidansu da 'yarmu. Ɗaki ɗaya na kama haya a bayan wani sito na masara, ni kaɗai. In na dawo daga zagayen gonaki sai in watsa ruwa, in sayo tuwo a bakin titi, in ci ina sauraron rediyo. Mutanen garin ba su da laifi, kowa yana gaishe ni da Malam, amma gaisuwar a bakin ƙofa take tsayawa. Rigar ta yi watanni a cikin jakata. Wani lokaci nakan buɗe jakar ba don komai ba sai don in shaƙi ƙanshin kafur da turaren da suka kama ta.

Ana tsakiyar damina Yaya ya bugo mini waya. Matarsa ta sauka, an sami namiji, kuma sunan Baba za a mayar. Ina ajiye wayar na ciro rigar na zura. Sai ga ni kamar an kifa wa ɗan tsako kwando, ƙasanta yana share daɓen ɗaki. Duk da haka na ƙudura a raina ita zan sa ranar sunan.

Akwai teloli a Doguwa, amma wani abokin aikina ya ce in dai aiki mai kyau nake so in tafi Tudun Wada, akwai wani tela da ake yayi. Washegari na shiga mota muka ratsa dajin Falgore. Na sami shagon ba wuya: kekunan ɗinki uku na lantarki, janareta yana ruri a waje, shaddoji na ankon wani biki a rataye har rufi. Telan bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, tef a wuyansa, waya maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗa. Na jira ya gama wayar, bai gama ba, sai ya yi mini alama da hannu in faɗi abin da ya kawo ni.

"Maigida, rigar mahaifina ce, Allah ya yi masa rasuwa. Tsawo ta yi mini. So nake a naɗe ƙasan daga ciki a kama da zare, yadda ko gaba in an so za a warware. Don Allah kada almakashi ya taɓa ta."

"An gama, Malam," ya ce. Ya sa na zura ta, ya duƙa ya ja layi da alli, ya ce in dawo jajiberin suna. Har na fita na sake leƙowa na maimaita masa zancen almakashin. Ya ɗaga mini hannu, yana ta magana da na cikin wayar.

Ranar da na koma na tarar ya ƙulle ta a baƙar leda. Hadari ya haɗo, motar Kwanar Dangora, inda zan sauya mota zuwa Bebeji, saura mutum ɗaya, direba yana ta danna oda. Na karɓa na ruga ban buɗe ba. Sai da na isa Bebeji, bayan la'asar, na shige tsohon ɗakin Baba na rufo ƙofa. Tsakar gida cike da mata, ana daka, ana suya, ana shewa. Na kwance ledar na warware rigar a kan gado.

An yanke ta. Jan shafin nan gaba ɗaya babu shi. Abin da aka datse ya kusa kamu guda, kuma a karkace, gaba ya fi baya ɗagewa. An kalmashe bakin da keke, da wani shuɗin zare mai ƙyalli, har saƙar ta fara zarewa a gefe ɗaya. Na zura ta don in tabbatar, ta tsaya mini a gwiwa kamar 'yar shara. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na daɗe a nan ina jin muryoyin mata ta bayan ƙyaure, babu wanda zan iya kira in nuna wa.

Da safe tsohon kaftanina na sa. Ana rabon goro Yaya ya matso kusa da ni.

"Ina rigar? Ai na ɗauka yau za mu gan ta."

"Tana wajen masu bugu," na ce. "Ba su gama ba."

Tun da na yi hankali ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar. Liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha, aka miƙo mini jaririn na riƙe shi, ina kallon fuskarsa amma hankalina yana kan ledar da na cusa a ƙarƙashin gado. Ko abincin rana ban tsaya ci ba, na ce aiki yana jirana.

Kai tsaye Tudun Wada na sauka. Na sami telan da wasu mutum uku a kan benci suna hira. Na shimfiɗa rigar a kan teburinsa.

"Maigida, me ke nan?"

Ya dube ta, ya dube ni. "Malam, ai tsohon kaya ne, ƙasan ya ci. Da naɗewa na yi da tudu zai yi, ba zai kwanta ba. Gyara na yi maka."

"Na ce maka kada ka yanke, ko ban ce ba?"

"Ni dai ban ji ba."

"Sau biyu na faɗa."

"To yanzu ya kake so a yi? Aikin gama ya gama."

Ɗaya daga cikin na kan bencin ya sa baki. "Haba Malam, duk wannan a kan tsohuwar riga? Ai mai ita ma ya tafi ya bar ta." Sauran suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, ta mutanen da suka san juna ce, ga baƙo ya zo da abin da ba su ga girmansa ba. Na duba shagon, na duba titi, babu fuska ɗaya da na sani a garin nan. Na naɗe rigata na fita.

Kwana uku ina juya abin a raina. Na yi tunanin 'yan sanda, na yi tunanin kotu, sai in hango kaina tsaye gaban alƙali riƙe da guntuwar riga, in ji kunya ta kama ni. Abokin aikin nan da ya tura ni wajen telan shi kaɗai na gaya wa, shi ma a taƙaice. Ya yi salati, ya ce teloli suna da shugaba a Tudun Wada, wani dattijo, in kai masa kuka.

Asabar uku na yi ina ratsa dajin nan da rigar a kan cinyata. Ta farko aka ce dattijon ya tafi ta'aziyya ƙauye. Ta biyu na same shi, ya saurare ni, ya aika a kira telan, aka ce ya tafi Kano sayo zare. Kowace dawowa sai in zauna a bayan mota kusa da taga, ina kallon itatuwa suna wucewa cikin yayyafi, ina tambayar kaina ko na fara zarewa ne. Sai a ta uku aka haɗu.

A zauren dattijon aka zauna, da shi, da wasu teloli biyu, da ni, da mai laifin. Tsoho ne siriri mai farin gemu, tabaransa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Ya shimfiɗa rigar a tabarma ya daɗe yana bin ta da yatsa.

"Wanda ya saƙa wannan ya daɗe a ƙasa," ya ce daga baya. "Wanda ya yi aikin ƙirjin nan ma haka." Ya juya wajen telan. "Kai, a ce mai riga bai faɗa maka komai ba. Idonka fa? Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima."

Telan ya sunkuyar da kai. A hankali gaskiya ta fito. Aikin anko ne ya sha masa kai, ya ɗauko rigar cikin gaggawa, ya ga layin alli, ya bi shi da almakashi. Yankan farko ya karkace, ya ƙara yanka don ya daidaita, abin ya ƙara lalacewa. Ya faɗi wannan duka yana kallon tabarma. Bai dube ni ba, bai kuma ce in yi haƙuri ba.

Dattijon ya yanke hukunci: telan zai sayi shadda wadda na zaɓa da kaina, ya ɗinka mini babbar riga da aikinta. Sauran suka gyaɗa kai, kowa ya zuba mini ido ana jiran godiya.

"Baba, Allah ya saka da alheri," na ce. "Amma ni ba riga na rasa ba. Abin da ya yanke nake so ya ba ni."

Ɗaya daga cikin telolin ya ce, "Ƙyalle? Malam, ana ba ka sabuwa dal kana zancen ƙyalle?"

Dattijon ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya tambayi telan inda guntun yake. Telan ya sosa ƙeya, ya ce wata Bafulatana mai kawo musu fura da nono ta ga jan a cikin buhun ƙyallaye ta roƙa, ya ba ta. Rugarsu tana can yamma da gari, bayan wani rafi.

"Kana da babur?" in ji dattijon.

"Ina da shi, Baba."

"To tashi ka kai shi. Yanzu."

Haka na hau bayan mutumin da na yi makonni ina jin haushinsa. Muka bar kwalta muka shiga hanyar gonakin shinkafa, taɓo yana fallatsa mana har gwiwa. Sau biyu babur ɗin ya kafe, na sauka na tura. Da muka isa rafin ya cika, muka jingine babur a gindin wata ɗorawa, muka naɗe wanduna muka tsallaka, ni na ɗora ledar rigar a ka.

Rugar ta zaunannun Fulani ce, bukkoki da ɗakuna biyu na kwano, masara ta kewaye su. Maigidan ya tarbe mu da jaɓɓama, wato maraba da Fulatanci, ya shimfiɗa mana buzu, ya kira matar. Dattijuwa ce, ta kusa sa'ar mahaifiyata. Da ta ji maza biyu sun keto taɓo da rafi saboda ƙyalle, dariya ta kama ta har tana riƙe baki. Na bari ta gama, na ciro rigar na nuna mata bakin da aka yanke.

"Inna, ta mahaifina ce. Bara ya rasu. Ita kaɗai na ɗauka a kayansa."

Dariyar ta ɗauke. "Ayya," ta ce. "Ayya, ɗana."

Ta shiga ɗaki ta fito da gammon da take ɗora ƙwaryar nono a kai. A gabana ta warware shi. Ga saƙin Baba, ga jan alharinin, ya sha gumi, yana warin man shanu. Na sa hannu biyu na karɓa. Da na miƙe shi sai na ga rabi ne, na gaban rigar. Ta ce ɗaya rabin ta yaga ta ba 'yarta da ta zo ganin gida, ita kuwa ta koma wajen mijinta, sun yi kudu da shanu, sai Allah ya dawo da su.

"Da na sani, wallahi ko taɓa shi ba zan yi ba," ta ce. "Ka yafe mini."

Na ce ai ba ta yi mini komai ba. Ta dama mana fura ta kawo. Ni na sha. Telan ya riƙe ludayi ya kasa kaiwa baki.

Dattijon da kansa ya karɓi gyaran, don shi da allura ya koyi sana'ar tun kafin ya taɓa keke. Ya wanke guntun ya shanya a inuwa. Na bayan da ya ɓace kuwa, ya buɗe tasa adakar ya ciro wani tsohon saƙi, bai kai na Baba duhu ba, ya cike da shi. Ni na ce na yafe shaddar, ba na so. Ya ce to shi bai yafe ba: kullum bayan azahar telan zai rufe shagonsa ya zo ya zauna kusa da shi, ya riƙa zura masa zare a allura tunda idonsa ya yi rauni, har a gama. Mako uku aka yi. Da na je karɓa, ya mayar da rigar tsawonta na asali, sannan ya naɗe ƙasan daga ciki ya kama da zare, abin da na roƙa tun farko. Wanda ya sani zai ga layin haɗin, zai ga bayan ya ɗan fi haske. Dattijon ya ce iyakar abin da hannu zai iya ke nan.

Daga nan Bebeji na wuce. Na sami Yaya a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Na shimfiɗa masa rigar, na juya ƙasan, na gaya masa komai tun daga farko. Ya bi layin haɗin da ido daga wannan gefe zuwa wancan.

"Masu bugun ke nan?"

Na gyaɗa kai.

"Yankan ba kai ka yi ba, ƙaddara ce," ya ce. "Amma wata biyu kana yawo tsakanin daji da ruga, ina nan, waya tana hannunka. Da ka faɗa mini ai tare za mu je. Haka ka yi da zancen matarka, sai a bakin mutane na ji. Kai kullum sai ka ɗauki abu kai kaɗai."

Gaskiya ya faɗa. Ya ninke rigar da kyau ya miƙo mini. Aka kawo abinci muka ci a kwano ɗaya, hirar ba ta wuce ta ruwan sama da tsadar taki ba.

Sau ɗaya na sa ta a Doguwa, wata Juma'a. Na tafi masallaci a hankali, ina jin nauyinta a kafaɗa. Babu wanda ya san Baba a garin, babu wanda ya san abin da rigar ta gani. Bayan an idar wani manomi ya kama hannuna ya ce, "Malam, yau an sha ado," sannan ya shiga ba ni labarin tsutsar da ta faɗa wa masararsa. Na saurare shi, na gaya masa maganin da zai fesa, na koma ɗaki na cire ta na ninke.

Bayan kaka, ina dawowa daga ganin 'yata, na tsaya a Kwanar Dangora ina jiran motar Doguwa. Na shiga na zauna, sai ga telan ya shigo da ƙunshin yadi a hammata, kuma babu sauran wuri sai kusa da ni. Muka gaisa sama-sama. Mota ta tashi, mun yi nisa, kowa yana kallon gabansa, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Malam, ranar nan na ji abin da ka ce. Duka biyun na ji. Mantawa na yi, kuma da ka dawo tsoro ya hana ni faɗa a gaban mutane."

Na ce, "Na sani."

"Ni ban san ubana ba, ina goye ya rasu. Ko hularsa ban taɓa gani ba. Da matar nan ta warware gammon, na ga yadda ka karɓe shi, sai na rasa inda zan sa kaina." Ya juyo ya dube ni. "Don Allah ka yafe mini."

Na daɗe ina jiran wannan kalmar, har na sha shirya abin da zan ce in ta zo. Da ta zo sai duk ya ɓace mini. Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya tambaye ni ko ɗinkin dattijon yana nan bai saki ba, na ce yana nan. Ya ce har yanzu yakan je wajensa in aiki ya yi sauƙi, ya fara iya riƙe allura.

A Tudun Wada ya sauka. Ya zagayo ta taga ya ce in na shigo gari in riƙa biyowa ta shago ko ruwa in sha, na ce to, in sha Allahu. Yawancin fasinjojin ma nan suka sauka, muka rage mu uku da direba. Ya zuba mai, ya sayi gyaɗa a hannun wata mai talla, muka kama hanyar daji rana tana shirin faɗuwa.